Yadda muka tada bindigar lagwani ta kakan maigidana a Ɗa'ifa

Aikina a Ɗa'ifa tuƙi ne. Ina jan wani dattijo da ya ba saba'in baya, yana da gonar wardi da rumman a can saman dutse ta wajen Shafa, kuma duk wanda ya taɓa aikin direban gida a Saudiyya ya san direba suna ne kawai, kai ne ɗan aike, kai ne mai ɗauko gas, kai ne mai danne rago ranar yanka, in bututun ruwa ya fashe a gona ma kai za a ƙwala wa kira. To ta haka ne na tsinci kaina dumu-dumu cikin aikin tada wata tsohuwar bindiga wadda da lagwani ake kunna ta, irin wadda su suke ce wa abu fatila.

Bindigar tun zuwana gidan a rataye take a bangon majalisa, tsakanin takobi da tulunan gahawa da suke jerawa don ado. Doguwa ce sosai, in na kafa gindinta a ƙasa bakinta har haɓata yake kawowa, kuma ni ba gajere ba ne. Bututun siriri, an ɗaɗɗaure shi a jikin katakon da zobban azurfa tun daga tsakiya har baki, gindin kuma an naɗe shi da fatar dabba wadda gashinta duk ya zube saboda tsufa. Ta kakan maigidan ce. Jikan maigidan ne zai yi aure, su kuma mutanen duwatsun nan in ana biki akwai wasan da suke yi mai suna ta'ashir, saurayi zai ɗura bindiga da albarushi zalla ba harsashi, ya juya bakinta ƙasa saitin ƙafafunsa, ya daka tsalle ya harba yana sama, wuta da hayaƙi su tashi ƙarƙashinsa shi kuma ya diro a tsakiya. Da wata bindigar daban ake yi, muƙamma suke ce mata, ita ba ruwanta da lagwani, wata 'yar hular tagulla ake kifa mata kunama ta sara. Amma Ammi, haka nake kiran maigidan, ya kafe kan cewa kafin samari su fara tsalle-tsallensu sai bindigar kakansa ta fara magana, kuma ba da albarushin saye ba, da irin wanda ya ga ana yi a gidansu yana yaro.

'Ya'yansa sun yi iya yinsu su hana. Babban ya ce Baba wannan ƙarfen tun yaushe rabonsa da wuta, in ya fashe a hannunka ranar biki me za mu ce wa mutane. Tsohon ya ji wannan maganar, don ba mutum ne mai gardamar banza ba, ya ce to a kai ta a duba. Maganar takardu kuma babban ɗan nasa ya riƙe, don a ƙasar nan makami ko na ado ne akwai dokarsa, harbi da harsashi mai rai a wajen biki kuwa laifi ne da ake kama mutum a kansa, ba wasa.

Wanda ya duba ta wani tsohon maƙeri ne da aikinsa kenan gyaran muƙamma da wuƙaƙe, shagonsa ɗan ƙuƙut. Na tsaya a kansa ina kallo har ya gama. Zobban nan ya fara zarewa ɗaya bayan ɗaya yana jera su a kan tsumma yanda suka fito, don kowanne da faɗinsa, in ka rikita su ba za su koma ba. Bututun ya rabu da katako, ya ɗaga shi ya haska ciki da 'yar tocila ya daɗe yana leƙe, sannan ya rataye shi da zare ya ƙwanƙwasa da ɗan ƙarfe ya kasa kunne. Wai mai tsaga muryarsa a dishe take fita. Wannan ya yi ƙara tangaran. Ya ce aikin Indiya ne, kuma lafiyarsa lau sai tsatsa ta sama-sama da gidan zanzaro da ya toshe can ciki.

A nan ne na fahimci yanda abun yake aiki, kuma wallahi sauƙinsa ya ban mamaki. Babu sifirin mai ƙarfi, babu abun da ke sara. Wani lanƙwasasshen ƙarfe ne ya leƙo ta saman katakon, bakinsa a tsage, a cikin tsagar nan ake maƙala lagwani mai wuta. A ƙasa akwai kunama, in ka matsa ta sai ƙarfen ya sunkuyo da kai ya dangwala wutar a cikin wani ɗan kasko da bai fi farcen babban yatsa ba a gefen bututu, kaskon akwai ɗan albarushi a ciki, a jikinsa kuma akwai 'yar ƙofa siririya da ta huda zuwa cikin bututun. Shikenan fa. Ɗan kaskon yana da marfi da ake turawa gefe in za a harba. Duk maƙerin ƙauye zai iya gyara wannan, shi ya sa ta daɗe a hannun Larabawan daji har cikin ƙarni na 20 alhali Turawa sun watsar da ita tun wajejen shekarar 1700. Mai bindigar ƙanƙara sai ya nemi ƙanƙarar da ta dace, mai muƙamma sai ya sayi hulunan tagulla daga hannun fatake, shi kuwa mai lagwani kusan duk abun da yake buƙata yana cikin jejin da yake kiwo.

Maƙerin ɗan tarihi ne shi ma, in ya fara ba ya tsayawa. Ya kawo zancen Turawan Fotugal da suka ci Maskat ta ƙasar Oman a 1507 suka zauna har 1650 kafin Imam Sultan bin Saif ya kore su, da zuwansu Jidda a 1517 da jirage suka koma ba su ci ta ba, da Turkawan Usmaniyya da suka karɓi Hijaz a wannan shekarar, ya ce ta bakin teku da hannun sojojin nan bindiga ta bazu cikin ƙasar, daga baya kuma bututu suka riƙa shigowa daga Indiya da Farisa ana yi musu katako da ado a gida. Abun da ya kashe mata kasuwa kuwa Martini ce, bindigar Ingila mai ɗurin baya da sojojinsu suka fara riƙewa a 1871, wadda daga baya ta cika ƙasar ta hanyar kasuwar Maskat. Ni ma na ɗan saka baki na ce ai mu ma can wajenmu Mai Idris Aloma na Barno ya yi yaƙi da 'yan bindiga Turkawa tun ƙarni na 16, kuma har gobe in Sarki ya fito hawan sallah 'yan bindiga ne ke sanar da gari. Ya kalle ni ya ce to ashe ba baƙo ba ne kai, riƙe min nan.

Bayan an gama tsinke wardi, wanda yake ƙarewa wajen watan Afrilu, sai Ammi ya ce gobe da asuba za mu sauka neman ushar, itacen da za a yi gawayin albarushin da shi. Muka bi hanyar Hada, mai lanƙwasa ɗinnan da birai ke zama a gefen titi suna jiran a jefa musu ayaba, muka gangara har Wadi Nu'uman, kwarin da ke ƙasan dutsen ta wajen Arfa, inda wani ɗan'uwansa yake da gona. Sama sanyi, ƙasa kuwa tun hantsi bai yi ba zufa ta jiƙa min riga. Muna isa ya nuna min itacen da muka sha wannan tafiyar dominsa, na ce Ammi wannan ai tumfafiya ce. Tumfafiya dai wadda kuka sani, mai faffaɗan ganye mai toka-toka da 'ya'ya a kumbure cike da iska da auduga, wadda ke tsirowa a kangon gida da bakin juji, ko akuya ba ta cika kula ta ba. Ita ce dai Fulani a wasu wuraren suke sa wa madara ta kama a yi cuku.

Shi ba kowacce yake so ba. Ya wuce manya masu kauri, ya wuce ɗanyu sharaf masu tsanwa, rassan da suka kai kaurin babban yatsa ko suka ɗan fi yake nunawa da sandarsa, miƙaƙƙu marasa gaɓoɓi da yawa, musamman waɗanda suka fara bushewa a jikin uwar. Kafin in ɗaga adda ya sa na ɗaura tabarau na naɗe hannu da tsumma, ya ce ya waladi nonon nan in ya shiga idonka sai asibiti, kuma gaskiya ne, kana sara farin ruwan nan yake tsartuwa yana danƙo a hannu, inda ya taɓa fata kuma ƙaiƙayi. Na tambaye shi me ya sa ba za mu yi amfani da gawayin itacen samur ba tunda shi ake yabo a ƙasar. Ya yi dariya ya ce samur na gahawa ne da gashin nama, gawayinsa nauyi gare shi, yana ci a hankali ya daɗe, abun da ake nema a nan kishiyar haka ne, gawayin da ba nauyi mai laushi da zai kama wuta nan take ya cinye bai bar komai ba. Sai na tuna maƙeranmu da gawayin ƙirya, su ma ai ba kowane itace suke sa wa a zuga ba. Banda haka ma yanzu hukuma ta hana saran itatuwan daji da sayar da gawayin gida, tara ce mai nauyi, shi ya sa ko tumfafiyar a cikin gonar ɗan'uwansa muka sara, wadda dama so yake a rabu da ita.

Muka dawo da ita bayan mota, aikin ɓare bawo ya faɗo kaina. Bawon tumfafiya kauri gare shi mai tsattsagewa, ana fere shi tas har sai farin itacen ya fito, don a cewarsa bawo toka yake ƙarawa. Aka yayyanka tsawon kamu ɗaya ɗaya, aka baza a kan rufin ɗaki. Matsalar Shafa hazo ne da raɓa, wani lokaci da la'asar sai ka ga gajimare ya sauko har cikin gona, don haka kullum yamma sai na hau na kwashe, da safe in mayar. Haka muka yi ta yi har sai da ya zama in ka karya sanda ta ce ƙas ba ta lanƙwasa ba.

Ƙona gawayin shi ne inda na ga gwaninta. Rami ne ɗan madaidaici a bayan gona nesa da gida, ya share shi tas ya tsince duk wani ɗan tsakuwa da hannunsa, ya ce yashi ko ƙwaya ɗaya ba a so ya shiga. Aka jera sandunan aka cinna wuta. Da fari hayaƙi fari mai kauri, sai harshen wuta, shi kuma yana tsugune bai ce uffan ba yana kallo, ni har na fara tunanin za mu tashi da toka ne kawai. Can da harshen ya kwanta sandunan suka yi ja gaba ɗaya sai ya ce yalla, muka kifa faifan ƙarfe a kai muka bi gefe da jiƙaƙƙiyar ƙasa muka toshe ko'ina, inda duk hayaƙi ya ɓullo ya nuna da sanda in liƙe. Ba a buɗe ba sai da ya huce sarai. Ya ce wanda ya yi gaggawar buɗewa iska za ta shiga wutar ta farka, aikinsa ya tashi a banza.

Da aka buɗe na ɗauki guda ɗaya, wallahi kamar ka ɗauki busasshen karan dawa, ba nauyi ko kaɗan, ka murza da yatsa biyu ya zama gari mai santsi. Ammi ya riƙa ɗauka yana karyawa yana duba cikin, wanda tsakiyarsa ta yi ja-ja bai ƙone ba ya jefar gefe, wanda ya yi fari a baki shi ma gefe, sai baƙi wuluk mai ɗan sheƙi yake sawa a gwangwani. Abun da muka kwaso cikin bayan mota guda, da aka gama tacewa bai cika gwangwanin madara babba biyu ba.

Lagwanin ni ya fi burge ni, watakila don shi ne aka bar ni na yi da hannuna daga farko har ƙarshe. Bawon wani ɓauren dutse ne da ke fitowa a tsagar duwatsu a kwazazzabai. Ba na wajen ake so ba, na cikin nan mai zare-zare. Ana ɓantaro shi a tsaye dogo dogo, a jiƙa, a bubbuga a kan dutse da guntun katako har ya saki ya yi laushi, a tsattsaga sirara, sannan a zauna tufka a kan cinya. To tufka dai ba a koya wa ɗan ƙauye, tun ina yaro nake tufka igiyar rama, sai dai wannan da nata sharaɗin. In ka murɗa ta yi tsauri da yawa wutar shaƙewa take ta mutu a hanya, in ka bar ta sakwa-sakwa kuma ta ci da sauri ta yi ta zubar da tartsatsi, wanda shi ne babban haɗari ga mutumin da ke rataye da albarushi a ƙugu. Ana so ta kai kaurin ɗan ƙaramin yatsa, ta riƙa ci a hankali, bakinta ya yi jan garwashi mai tsini mai ƙarfi wanda ko ka kaɗa ba zai faɗi ba. Ammi yakan yanki guntu ya kunna ya rataye a ƙusa, mu zauna muna shan shayi muna kallonsa, in ya ga toka ta taru ta yi laɓo-laɓo a baki ya ce a sake, wannan ta masu shisha ce.

Wajen shan shayin nan ne nake jin labarin yanda kakansa yake farautar awakin dutse da ita. Ya ce mai bindigar lagwani kafin ya koyi saiti sai ya koyi iska, domin dabba tana jin warin lagwani tun daga nesa, dole ka zagayo ta inda iska ke busowa daga wajenta zuwa gare ka. Da dare kuma jan wutar nan tona asiri take, sai an rufe ta da tafin hannu ko a cusa bakin cikin wani ɗan bututu da ke jikin katakon. In ruwa ya sauko kuwa bindiga ta zama sanda. Ashana babu a lokacin, ƙyastu ne da ƙanƙara, kuma audugar cikin 'ya'yan tumfafiyar nan tana cikin abun da suke tara tartsatsi da shi. Ragowar lagwanin a jikin gindin bindigar ake naɗe shi, ka ga mutum na tafe da igiya kamu da yawa a nannaɗe. Ni dai abun da na lura, duk hirar da zai yi a kan bindigar nan, kashi mafi yawa hirar itace ce da ƙasa da iska, ƙarfen kansa ba a cika zancensa ba.

Sauran kayan haɗin biyu ne, farar wuta da wani gishiri da suke kira gishirin albarushi. Farar wuta tun zamanin kakansa saye ake yi daga fatake. Gishirin kuwa a da daga ƙasa suke fitar da shi, ƙasar kogo da ta tsofaffin garken awaki da kangaye, aiki ne na wahala da mata da maza suke taruwa a kai, kuma kowane gari an san kogon da ƙasarsa ta fi kyau. Wannan karon wani amininsa ne ya zo da su, tsoho kamarsa, wanda shi ne ke yi wa masu ta'ashir na yankin haɗi, kuma hannunsa na hagu yatsu uku ne suka rage. Ba sai an yi maka wa'azi ba in ka ga hannun.

Ranar haɗi ba a bar ni na matso ba, ni da jikokin duka. Wata 'yar rumfa ce a can ƙarshen gona, su biyu suka shiga, aka karɓe wayoyi da makullin mota da duk wani abu na ƙarfe aka ba ni riƙo, aka kafa ni a bakin hanya in hana yara da masu sigari wucewa. Daga inda nake ina jin bugun turmin katako a hankali a hankali, ba irin dakan fura ba, kusan yini guda. Awo da yanda ake haɗawa sirrinsu ne, kuma ni ba zan rubuta ko kusa da shi ba, don na san halin yaranmu, wani zai karanta ya shiga kicin ɗin uwarsa ya ce zai gwada. Mutumin da ya shekara hamsin yana yi ma ga yanda hannunsa ya koma.

Abun da na gani da idona shi ne gwajin. Bayan ya bushe aka kawo ɗan kaɗan a bakin cokalin katako, baƙi mai tsaba-tsaba, aka zuba a kan farin dutse mai santsi, amininsa ya miƙo lagwani daga nesa a bakin doguwar sanda. Fuu, walƙiya ɗaya, hayaƙi ya tashi sama a dunƙule. Su biyun suka sunkuya suna duba dutsen. Wai mai kyau ba ya barin komai sai ɗan tabo, in ya bar baƙin gari gawayi ya yi yawa, in ya yi ta tartsatsi yana jan lokaci bai daku ba. Suka ɗan yi musu a kan wani ɗigo da ya rage, Ammi ya ce raɓar Shafa ce, amininsa ya ce a'a gawayinka ne ka yi saurin rufewa, ni dai da na sha wahalar gawayin sai na ji ina goyon bayan raɓa.

Harbin farko ba a kafaɗar kowa aka yi ba, wannan sharaɗin babban ɗansa ne. Aka ɗaure bindigar a jikin tsohuwar taya aka danne da duwatsu, bakinta na kallon gangaren da ba kowa, aka ɗaura zare a kunama muka koma bayan katanga. Aka ja. Tsakanin jan zaren da ƙarar akwai wani ɗan jinkiri da zai sa ka ɗauka ta ƙi, ka fara ganin hayaƙi ya tashi daga ɗan kaskon, fss, sannan ƙarar ta biyo, kuma ba irin ƙarar bindigar zamani ba ce mai tsaga kunne, wata gum ce mai nauyi da ka ji ta a ƙirji, duwatsu suka amsa ta zagaya ta dawo. Maƙerin ya sake duba bututun ya ce ma sha Allah, ko gezau.

Daga nan Ammi ya fara koya wa ango, ni kuma ina gefe ina riƙe da kaya, a ƙarshe dai ni ma aka ba ni na ɗana. Lagwani mai wuta ana cire shi daga jikin bindigar tukuna a ba wani ya riƙe can nesa, ba a ɗuri da wuta a kusa. A zuba awo ɗaya ta baki, a tura ɗan tsumma da sandar ɗuri a danna, kuma fuska ba ta leƙa bakin, hannu ma yatsu biyu kawai ke riƙe sandar. A sa ɗan kaɗan a kasko a rufe marfi, a hure wanda ya zube a gefe. Sannan a karɓi lagwani a hure tokar bakinsa a maƙala, a gwada sunkuyo da shi a kan marfin a ga ko zai sauka daidai tsakiya, don yana ci yana gajercewa, wanda ka saita ɗazu yanzu ba zai kai ba. Sai ka buɗe marfi ka matsa. Wahalar duk tana cikin ɗan jinkirin nan, wuta ta tashi dab da idonka, jikinka na ce maka ka kauda kai, kai kuma dole ka tsaya cik har ta fita. Ango da ya saba da muƙamma sai ya riƙa sauke hannu kafin ta tashi, kakan ya yi ta masa tsiya yana cewa haka za ka yi wa amarya, ta fara magana ka juya baya.

Bikin da rani aka yi, lokacin da mutanen Makka da Jidda ke hawowa Ɗa'ifa gudun zafi, don haka an cika. Bayan la'asar aka yi sahu biyu ana kiɗa ana waƙoƙinsu, samari sun sha ɗamara da bel mai 'yan bututun albarushi jere a ƙugu, muƙamma a hannu sai walƙiya take. Hadari ya ɗan taso ta kudu, na ga Ammi yana ta ɗaga kai yana kallon sama, lagwanin kuma ya cusa shi cikin riga. Allah ya taimaka bai sauko ba. Shi ya fara fita tsakiyar fili, ba tsalle ba komai, mutum mai ciwon gwiwa, ya ɗaga ta sama ya matsa, ta yi ɗan shirun nan nata har wani yaro ya fara dariya, sannan ta tashi. Tsofaffin wajen suka ɗau kabbara, wasu suka taso suna taɓa lagwanin suna shinshinawa, wani ya tambaya wa ya tufka, Ammi ya nuna ni da haɓa ya ce ɗana ne Bahaushe. Bayan nan samari suka shiga nasu, kuma gaskiya ta'ashir abun kallo ne, wani ya juya a sama, wani ya harba ta baya, ƙasa duk ta yi baƙi, fararen riguna suka koma ruwan toka.

Wanda bai san bindigar albarushi ba zai ɗauka an gama kenan. A daren nan ana can ana cin mandi, shinkafa da naman nan nasu, ni ina bayan gida da butar ruwan zafi, don dattin da albarushi ke bari yana jan laima, in ya kwana a ciki tsatsa ce za ta fara cin bututun. A toshe 'yar ƙofar gefe da tsinke, a ɗura ruwan zafi, a girgiza a zubar, ruwan ya fito baƙi ƙirin yana warin ruɓaɓɓen ƙwai, a sake, a sake, har ya fito fari. Sannan tsumma a bakin sandar ɗuri har ya fito a bushe, sannan mai. Ba ita kaɗai ba fa, samarin nan da suka ga ina wankewa sai kowa ya lallaɓo ya jingina min tasa muƙammar ya ce Allah ya ba ka lafiya ya koma wajen nama.

Zobe ɗaya na kusa da baki ya saki saboda girgiza, washegari muka mayar wa maƙerin ya matse. Albarushin da ya rage amininsa ya tafi da shi, Ammi ya ce ba a ajiye shi a gidan da yara suke. Yanzu rigimar da ake ciki ita ce ƙanen angon shi ma an sa masa rana, tsohon ya ce wannan karon tun sanyi za a sari ushar don ta bushe da kyau, amininsa kuma ya aiko cewa in dai shi zai haɗa to shi zai tsaya a kan ramin gawayi da kansa.